Abin da Zaliha Ba Ta Gano Ba

Zaliha ƙanwata ce, malamar kimiyyar fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, a unguwar Sabangali. A unguwar Mardjandafak aka haife mu. Ni taya nake sayarwa a kasuwa, ita kuwa tun tana ƙarama kanta na cikin littafi. Shekara biyar ta yi a Faransa tana karatun taurari.

Ranar da ta dawo na yanka rago, na tara 'yan unguwa, na miƙe na ce ƙanwata ta gano abin da ya gagari Turawa a sama. Wa ya aike ni!

Ta ce, "Yaya Salmanu, ban gano komai ba." Wai akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, kusan ba ta da nauyi, wadda masana ke zaton akwai ta amma ba wanda ya taɓa ganinta. In da gaske akwai ta, za ta riƙa kwashe zafi daga cikin tsofaffin taurari, su huce da wuri, kamar shayi a tsagaggen fulas. Ita ta auna hucewar wasu taurarin, ta ga ba su yi gaggawa ba. Ke nan ko akwai ƙwayar, ƙarfinta bai wuce iyaka kaza ba.

Wani ya tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Shekara biyar ki dawo mana da babu? Ni ma daga shagona zan iya cewa babu!"

Malamanta sun nemi ta koma ta ci gaba da aikin. Babanmu ya rasu, maganar a hannuna take. Na ce kalas, an gama. Ba ta yi musu ba, ta nemi koyarwa.

Bara Malam Zulkiflu, abokin aikinta, ya zo sayen tayar babur. Ya nuna mini sunanta a waya, cikin takardun masana. Ya ce har yau da irin iyakar da ta fitar ake sanin inda ba za a ɓata shekaru ana nema ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na rufe shago na je gidanta. Na ce, "Rubuta wa malamanki, na yarda ki koma."

Ta ce, "Ai an ba wani gurbin tun shekara huɗu da suka wuce, Yaya. Zauna."

Ta kawo mini ruwa, har da durƙusawa. Na riƙe kofin, na kasa sha.