Balbelar da Muka Hango Daga Kan Dutse

Abubuwa da yawa sun zube mini a ka, amma ranar da muka hau dutsen nan ni da mahaifina, wanda muke kira Baffa, har in koma ga Allah ba za ta fita ba.

Lokacin kaka ne, an fara yankan gero. Muna zaune a wata ruga can bayan Sukuntuni, ɓarayi suka kore mana garke kakaf, har da maruƙan da ke ɗaure. Muka bi sawu, ruwan ƙarshen damina ya sauko ya shafe shi. An je Kankiya, an je Kusada, an yi cigiya har bakinmu ya gaji, shiru kake ji. Baffa ya daina cin abinci, sai dai ya zauna ya zuba wa turaku ido.

Wata safiya ya ɗauki sandarsa ya ce, "Tashi mu tahi bisa wancan dutse. Na bisa shi ka ganin nesa."

Ni dai na san shanun da aka kora ba za su tsaya kusa suna jiran a hango su ba. To amma wa zai faɗa wa Baffa haka? Na cika gora da ruwa na bi shi.

Dutsen nan daga nesa kamar ka taka shi da ƙafa ɗaya. Sai da muka isa gindinsa na san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ba hanya, ba mai hawansa sai birai. Takalmanmu na roba suka riƙa zamewa, muka cire, dutse kuma ya riga ya sha rana, yana gasa mana tafin ƙafa. Muka yi ta kewaya shi muna neman tsaga, nan rarrafe, nan jan ciki, ƙaya tana yagar riga. A wani wuri Baffa ya zame, gwiwarsa ta ɗaye, jini ya biyo ƙwauri.

Na ce, "Baffa, ba ni sandar ka samu hannun kamawa."

Ya harare ni. "Ka taɓa ganin makiyayi ya je wajen shanunai hannu sake?"

Wallahi tausayinsa ya kusa sa ni kuka.

Rana ta take tsaka muka kai bisa. Iska kawai, sai gonaki shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Baffa ya kare fuska da hannu, ya duba gabas, ya duba yamma, babu komai. Can sai ya damƙi kafaɗata.

"Dubi can. Balbela."

Na duba. Fararen tsuntsaye ne tari guda, suna tashi suna sauka a wani fili. Kowane ɗan ruga ya san balbela ba ta zama inda babu saniya. Ni da na hau ba da imani ba, sai ga ni na fara sa rai. Baffa har ya fara kiran uwar garkenmu, wata fara mai karyayyen ƙaho, irin kiran da yake mata da yamma.

Sai idona ya sauka kan wata kuka mai reshe biyu a gefen filin, da bukkoki a bayanta. Kewayen da muka yi ta yi ne ya juya mana kai. Rugarmu ce. Tsuntsayen a makwancin shanunmu suke, suna yawo tsakanin turaku.

Da ya daina kiran, na san shi ma ya gane. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ashe su ma jira su kai."

Ya zauna daɓas. Ban taɓa jin duniya ta fita raina kamar lokacin ba. Saukowa ta fi hawa wuya, don kusan goya shi na yi. Sai da muka taka ƙasa na lura hannunsa babu komai.

"Baffa, sandarka fa?"

"Bar ta can," in ji shi.

Ko saniya ɗaya ba ta dawo ba, shi kuma bai sake yanko wata sanda ba har ya rasu. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda ya yi rashi, duk tsawon dutsen da ya hau abin da ya rasa kawai zai hango. Ka raka shi, kada ka yi masa gardama, domin a saukowa ne zai buƙaci kafaɗarka.