Sunan Kawu Ɗanbala a Bayan Faifai

Mu na Allah ne, wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar kawuna, Malam Ɗanbala Kamaluddeen Maruta, ta zo a Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan sallar asuba, a gidansa da ke Maruta ta ƙasar Gwaram. Ya yi jinya a asibiti a Birnin Kudu, da ya ga jikin ya ƙi sai ya ce a mai da shi ɗakinsa. Ya haura saba'in da biyar. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne ubanmu.

Ni labarin ya same ni a kudancin Barazil, inda nake aikin yanka a wata mayankar kaji mai tura nama ƙasashen Larabawa. Ba a shiga wurin aiki da waya. Sai da aka tashe mu cin abinci na buɗe saƙon muryar 'yarsa Ruƙayya. Kafin in ji, an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi, har jama'a sun dawo sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna da farar rigar aiki da takalmin roba ina kallon bango. Aka buga ƙararrawa, na tashi na koma na ɗauki wuƙa. Zaman nesa ke nan. Duk wanda ya ce maka da daɗi, a hoto ya gani.

Kawu, ban samu tsayawa a sahun sallarka ba, to bari in ba da shaidata a nan.

Na shaida in damina ta kankama, shanunka na huɗa ba sa fara shiga gonarka. Gonar Innata suke fara yi, sai ta wata gwauruwa maƙwabciyarmu, sai ta duk wanda ciwo ya kwantar a shekarar. Taka ce ta ƙarshe, har matarka Inna Kubra takan ce ita dai ta auri mai noman mutane. Ba ka taɓa zama a majalisa ka ambaci wannan ba. Abin da kawai aka san ka da shi a gona shi ne fito. A gida ba ka yi, don Innata ta sha tsawata maka: "Ɗanbala, fito a gidan malamai?" Amma da ka kama garma sai ka fara, waƙa ɗaya ce kullum, mai tafiya a hankali, tana ɗan tsayawa daidai inda shanu za su juya. Mun taso muna jin ta kamar yadda muke jin kukan zakara, ba mu taɓa tambayar daga ina ta fito ba.

Na shaida kuma ranar da zan bar gida, kowa ya yi mini wa'azi har kunnena ya gaji, kai kaɗai ba ka yi ba. Ka goya ni a babur har tashar Birnin Kudu. Da mota ta cika ka leƙo ta taga ka ce, "Hadi, na yi irin tafiyar nan. Duk abin da zan faɗa ba zai tsai da kai ba, don haka ba zan ɓata bakina ba. Ka riƙe sallah. In abin ya ƙi, ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya ina raye." Yanzu ba ka raye, ni kuma ban dawo ba.

Irin tafiyar da ka ce ka yi, kowa a Maruta ya san da ita, ba dai a zancenta. Ɗan gidan malamai ne ya ajiye allo yana saurayi ya tafi Jos, aka ce yana kiɗa a otal. Da mahaifinku ya kwanta ciwon ajali ka dawo, ka kama noma, ba ka sake komawa ba. Manya in zance ya biyo ta wajen sai su ce "lokacin da ya yi zaman bariki", su wuce. Mu yara mun ɗauka wani abin kunya ne babba. Ba wanda ya taɓa jin kiɗan da kunnensa.

Shekara uku da suka wuce, wata Lahadi da rana, na fita kasuwar tsofaffin kaya a garin da nake, don ɗaki ya ishe ni. Akwai wani tsoho ɗan ƙasar mai sayar da faya-fayan garmaho. Ya tambaye ni ƙasarmu, na ce Najeriya. Ya ɗaga yatsa ya ce in tsaya. Ya zaro wani sabon faifai, irin wanda kamfanonin Turai ke yi yanzu: su bi ƙasashe suna tono tsofaffin kiɗe-kiɗen shekarun 1970 da aka manta, irin mai nauyin ganga da jita da ƙaho da suke kira fank, su wanke sautin, su tara a faifai ɗaya su sake bugawa. Wannan ya haɗa na Afirka da na Latin Amurka. Ya ɗora allura. Na fari daga Kolombiya, na biyu daga Gana. Ina tsaye don kara kawai. Na uku ya fara da babbar jita ita kaɗai, mai kaurin murya, tana tafiya a hankali, sai ta ɗan tsaya, sai ta juya.

Kawu, fiton gonarka ne. Har inda shanu ke juyawa.

Tsohon ya kawo mini kujera. Na karɓi kwalin faifan na juya bayansa. Kowane kiɗa da sunan masu shi, wasu har da hotuna. Naka an rubuta: daga arewacin Najeriya, ba a san makaɗan ba.

Ba ni da garmaho, amma na sayi faifan. Na ɗauki kiɗan a waya na tura wa Ruƙayya ta kunna maka. Ta ce ka saurara har ƙarshe kanka a sunkuye. Ta ɗauka kuka za ka yi. Da ka ɗago sai ka ce, "Barau ya riga ni shiga a nan wurin. Tun a lokacin na gaya masa." Barau shi ne mai gangarku, ya daɗe da rasuwa. Daga nan bakinka ya buɗe. Ka faɗa mini ku biyar ne, kai mai babbar jita, da Barau, da Ɗanladi mai busa ƙaho da wasu biyu 'yan kudu, kuka je Legas kuka ɗauki sauti, aka buga ƙaramin faifai ɗaya, kwafi kaɗan, ƙungiya ta watse kafin a buga sauran.

Tun daga ranar, Lahadina ta koma rumfar tsohon nan. Na ji kiɗan Binin da na Habasha da na Feru da na Barazil ɗin kanta, na ji yadda ganga ɗaya ta haye teku ta dawo da wata riga. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini ɗaci. Ga iyayenmu a jikin kwali da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da tulin gashi, yara na taka rawa da kiɗansu a ƙasashen da ba za su ba jikokinsu bizar shiga ba. Amma in za a yi adalci, ba sata suka yi a ɗakinmu ba. Mu muka zubar, gara da zafi suka ci rabi, su suka durƙusa suka tsince sauran.

Na nemi kamfanin. Mutumin da ya amsa mini bai yi girman kai ba. Ya ce a wani shago a Kano ya tsinci ƙaramin faifan, takardar jikinsa ta goge, ya yi cigiya bai samu kowa ba. Ya nemi abu biyu: sunayen makaɗan, don su gyara a bugu na gaba, da sauran kiɗan in akwai. Ka ce akwai. Naɗin zaren da aka ɗauki sautin a kansa, mai faɗin faranti, yana cikin adakarka tun dawowarka. Muka shirya bayan kaka wani zai zo daga Kano ya karɓa.

Kafin kaka tsuntsayen jan-baki suka sauka a fadama, daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai ƙwayarta ba ta yi tauri ba. Kowa ya san dabarar manoma: a warware zaren kaset a ɗaɗɗaure a sanduna ya ratsa gona, yana walƙiya a rana yana kuka a iska, tsuntsu ya tsorata. To kaset ya ƙare a gari, duniya ta koma waya. Sai ka buɗe adaka.

Da Ruƙayya ta gaya mini, na kira ka nan take. Na ce, "Kawu, ka san abin da ka rataya a gona kuwa?"

Ka ce, "Ni na kaɗa shi, kai za ka faɗa mini?"

"Babu irinsa ko'ina a duniya!"

"Shinkafar ma babu irinta a gidan nan. Hadi, tun kafin a yaye ka yake kwance a adaka, bai taɓa ciyar da ko kaza ba. Bana ya yi aiki. Kuma da ka ji yadda yake kuka in iskar la'asar ta taso, da ba ka yi faɗa ba. Ya fi yadda muka kaɗa shi."

Ka yi dariya, ni ban yi ba. Har yau ban huce ba, kuma ba zan yi ƙarya don ka mutu in ce na huce. Abin da kuka yi ku biyar da ƙuruciyarku ya tafi a iskar fadama, ba mai sake jin sa. Sai dai na san a shekarar gonakin da ke kewaye da taka da yawa kara kawai aka girba, kuma na san gidaje nawa ne suka ci daga shinkafar nan. Ina kwance a nan da cikina a ƙoshe, ba ni da bakin yanke maka hukunci.

Abin da ya rage shi ne suna. Na ɗauka wannan mai sauƙi ne, ashe shi ne mai wuyar. Ka ba ni sunayen abokanka huɗu, ka ce a rubuta, haƙƙinsu ne. Naka kuwa ka ce a bari.

"Sunan ba nawa ba ne ni kaɗai yanzu," ka ce. "Malamin Gwaram yana tsayawa da shi gaban iyayen yara."

Malamin Gwaram shi ne Bahauddeen, ɗanka na fari, mai makarantar Islamiyya a cikin garin Gwaram. Ba ka taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda iyayenmu ba sa kiran na ɗan fari, ba ka zama hira da shi, in da magana sai a aika. Na ce to a tambaye shi mana. Ka ce kai ba za ka iya ba. Na ce ni zan iya, taubashina ne, ba abin da ba ma faɗa wa juna. Ka ce, "Ban yarda ba. In ka tambaye shi zai ce to, don kunyata, ya koma yana haɗiyar abin shi kaɗai." Aka sake buga faifan da sunaye huɗu. A gurbin mai babbar jita aka bar ba a sani ba. Na riƙe maka alkawari, ina cizon yatsa.

Bayan addu'ar uku na kira Bahauddeen in yi masa gaisuwa. Muryarsa a dushe, amma bai fasa halinsa ba. "Sarkin fawan kaji," ya ce, "sai yau aka ga damar kira?" Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Na ga wanda ya hana ni magana ya tafi, sai na faɗa masa komai. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Don ni ya bari?"

Na ce don kai.

"Ruƙayya ta gaya mini an buga sunayen abokansa babu nasa. Na ɗauka shi ne ba ya so a tuna. Sau nawa na zo gida da niyyar in ce masa Baba a sa mana, in na ga fuskarsa sai in kasa." Ya ja numfashi. "Da ya aiko ko da Ruƙayya ce."

Na ce to in turo masa kiɗan ya ji. Ya ce a'a. "Abin da nake karantarwa a kan kiɗa shi nake karantarwa, ba zan canza don ubana ne ba, kuma ba zan saurara ba. Amma a ci gajiyar gumin mutum a ce ba a san shi ba, wannan ba ya cikin abin da na karanta. Iyayen yara su faɗi abin da za su faɗa. Ka ce su rubuta sunan cikakke, da na mahaifinsa, da garinsu. Ka ce su ƙara da manomi, don shi ya fi daɗewa yana yi."

Na aika wa kamfanin, sun amsa. Ban san yaushe za su sake bugawa ba, kai kuma ba za ka gani ba. Ku biyu kuka yi ta kare juna daga abin da ba wanda ya ƙi shi a cikinku, har ƙasa ta shiga tsakani. Wannan ne ya fi ci mini rai, ya fi zaren fadama. Amma ba zan jira Turawa ba, zan fara rubutawa a nan, inda mutanen Maruta da Gwaram da Birnin Kudu za su karanta: mai babbar jitar nan shi ne Ɗanbala Kamaluddeen Maruta, manomi.

Allah Ka san abin da ya kaɗa da abin da ya noma, Ka fi mu sanin nauyin kowanne. Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓi alherinsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi. Ka haɗa da Barau da Ɗanladi da iyayenmu da suka riga mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kubra, da Innata Hajiya Murja da ta rasa ƙane, da Malam Bahauddeen, da Ruƙayya da Nasiha da sauran 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Maruta baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri. Mu da ke warwatse a ƙasashen mutane, in tamu ta zo, Allah Ya sa a samu wanda ya san sunanmu a wurin.

Hadi Muslim Maruta
Daga kudancin Barazil