Man Ikko a Kan Man Kaɗanya

Duk sanda kafintan layinmu a Durumi ya buɗe gwangwanin banish, warin nan mai hawa ka ya shigo min ɗaki, sai in ajiye abin da nake yi in yi ta dariya ni kaɗai. Jikokina su ce tsohuwa ta fara. Ba rikicin tsufa ba ne. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba a goge shi, ku zauna ku ji.

Babana masassaƙi ne. Kafin a ce gwamnati za ta taso daga Ikko ta dawo nan, da damina yana gona, da rani yana sassaƙa turmi da kujeru da icen madaci. In ya gama, kakata, uwarsa, ita ke karɓa. Ta goge da ganyen baure mai kaushi, ta shafe da man kaɗanya, ta shanya a rana, gobe ta ƙara. Cewa take itace ma yana jin ƙishi, ba a sallamarsa daga gida bai sha ba. Madaci in ya sha mai, ja yake yi kamar goro.

Sai katafila ta zo ta bi ta kan gonarmu. Hannun baba kaɗai ya rage mana.

Ana nan wani ma'aikacin gwamnati, ɗan arewa, da aka ba shi gida a Garki, ya ga kujerar baba a kasuwa. Ya biyo shi har gida ya ce a yi masa na falo kafin iyalinsa su iso, amma masu ƙyalli irin na Ikko. In sun yi kyau, abokan aikinsa duk gidajensu wayam suke. Ranar nan har rawa muka taka, don mun san in aikin ya karɓu mun ci tuwo, in bai karɓu ba sai dai baba ya tafi leburanci.

Baba ya sassaƙa, ya sayo banish. Kaka ta shinshina ta yamutsa fuska, ta raɗa masa suna man Ikko.

"Ka bari su sha na gida tukuna," in ji ta.

"Su sha mana, Iya. Mai kan mai ai ƙarin haske ne."

Ni da ita muka shafe su da kaɗanya har suka ƙoshi, baba ya bi da man Ikko. Ƙyalli kam sun yi, har maƙwabta na zuwa duba fuskarsu. Sai dai sun ƙi bushewa. Kullum a taɓa, danƙo. Baba ya ce sanyin damina ne.

Rannan mutumin ya zo ba sanarwa, cikin farar babbar riga, baba yana bayan gida. Kafin in buɗe baki ya zauna ya miƙe ƙafa. Da ya ga baba ya tashi su gaisa, kujera ta tashi tare da shi.

Kaka ta toshe baki da zani, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar baba ya ɓanɓare rigar, bayanta ya yi jawur.

"Ranka ya daɗe, kujerar ce ba ta so baƙo ya tafi," in ji kaka.

Bai yi dariya ba. Ya dubi rigarsa, ya dubi baba. "Malam, iyalina na nan tafe ƙarshen wata. In ba za ka iya ba, ka faɗa min."

Gida duka muka hau kankare kujerun da fasasshiyar kwalba, yatsuna har suka tsage. Baba ya gwada banish a ƙarƙashin guda ɗaya, ya sake yin danƙo, don mai ya riga ya shige cikin icen. Lokacin sassaƙa wasu kuwa babu. Ya ce to, a bar su da na gida. Muka yi ta murza da tsumma, a shanya, a murza, har hannu na santsi a kai ba ya ɗauko maiƙo.

Da mutumin ya dawo, tsohuwar riga ya sa. Ya goga farin hankici, ya duba. Ya ɗosana a bakin kujera kamar mai zama kan ƙaya, ya miƙe da sauri.

"Ba ta ƙyalli," ya ce.

Mutumin ya sake zama, wannan karon ya jingina, yana shafa hannun kujerar, ya daɗe.

"Amma ta sake ni. Oga, a loda su. Sai ka yi min tebur da banish, kuma don Allah kada Iya ta je kusa da shi."

Daga nan aiki bai ƙara yanke wa baba ba. Kowa ya zo, kafin a sari ice sai ya tambaye shi: na Ikko ko na gida? Ɗaya za ka zaɓa, ba a haɗa su.

Yanzu ku je kasuwar Utako ku gani, da inji ake fesa banish, kafin la'asar an loda a mota. Da ɗana zai sai min kujeru, na tsaya ina jiran yaron shagon ya yi min tambayar nan. Kala kawai ya tambaye ni.