Kunun da Lami Ta Sha

Ranar da alƙali ya sallami mutumin da ya kashe ƙanena Iliya, ban yi kuka a kotu ba. Na fito na zauna gindin wata darbejiya ina kallon jama'a sun ɗaga shi sama suna rera waƙarsa. Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin ba fuskar Iliya ba ce. Muryar kakata ce, ita da ta daɗe a kabari, tana ba mu tatsuniyar nan da muka fi tsana cikin duk tatsuniyoyinta.

Kaka Asabe ita ta haifi babanmu. Shi soja ne, yau yana wannan bariki gobe yana wancan, don haka ya bar mu da Mama a gidan Kaka a Zuru, can gindin dutse. In an gama girbi sanyi ya sauko, da an ci tuwo sai a hura wutar kara tsakanin rumbuna biyu, mu tura gyaɗa cikin toka mu kewaye. Kaka takan zo daga baya da kujerarta da lofenta. Fasto ya yi wa'azi a kan lofen nan har ya gaji, ita kuwa ta ce ba ta ga sunan taba cikin dokoki goma ba. Hausarta duk a gauraye take da yarenmu Dakarci, in labari ya yi zafi kuma sai Hausar ta gudu ta bar ta. Iliya yana da shekara shida a lokacin, kuma bai san zama shiru ba. Kullum da gwangwanin madara a cinyarsa yana kaɗawa, sai Kaka ta ɗaga masa lofe kafin ya tsaya.

"To, ku gyara kunne, ga ta nan tahe," in ji ta.

Mu kuma mu amsa, "Ta iso mu ji ta."

Ta ce a wani gari bayan duwatsu an yi wani ɗan kokawa da ake kira Baƙin Dutse. Bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. 'Yan mata na yi masa waƙa, sarakuna na aiko masa da shanu, rumbunansa kuwa sun fi ɗakunan wani ƙauyen yawa. Shekarar da fara ta cinye gonaki, shi ya buɗe rumbunan, gari duka ya ci. Gida ɗaya ne kawai bai miƙa ƙwarya ba, gidan wani tsoho mai taurin kai. Shi da matarsa da 'yarsu Lami suka yi ta cin tafasa da saiwoyi har damina ta zagayo.

Akwai wani saurayi, Tanko, da yake yi wa Lami golmo, wato noman nan na shekaru da saurayi yake yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Saura masa damina ɗaya. A kokawar bikin girbi sai tsautsayi ya haɗa shi da Baƙin Dutse, Tanko kuwa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a gaban kowa. Bayan kwana uku, da rana tsaka, Baƙin Dutse ya bi shi gona ya sare shi da garma. Abokan golmonsa suna nan tsaye. Lami ma tana nan, ta kawo musu abinci, akushi na kanta.

Garin kuwa suna da doka tun ta kakanni: duk wanda hatsin mutum ya taɓa shiga cikinsa, ba shi da bakin ba da shaida a kan mutumin nan gaban dattawa. Aka kira abokan Tanko ɗaya bayan ɗaya, kowa aka tambaye shi me ya ci shekarar fara sai ya sunkuyar da kai ya koma ya zauna. Saura Lami kaɗai. Dattawa suka ce ta zo ranar kasuwa ta faɗi abin da ta gani.

A nan Kaka takan tsaya ta gyara wuta, ta bar mu da baki buɗe. Ana gobe kasuwa, in ji ta, matar Baƙin Dutse ta kawo wa uwar Lami dawa a ƙwarya, ta ce ta ji ba ta da lafiya ne ta zo dubiya. Uwar ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba, ta karɓa. Da safe ta dama kunu, ta miƙa wa Lami ta ce ta sha ta sami ƙarfin tsayuwa gaban manya. Lami ta sha, ba ta tambaya ba. Da ta tsaya gaban dattawa ta buɗe baki, sai babbansu ya ɗaga hannu ya ce, "Yarinya, mi kika sha yau da sahe?"

"Shi ke nan," in ji Kaka. "Aka ce ba shaida. Baɗi Baƙin Dutse ya koma hilin kokawa, 'yan mata suka yi mishi sabuwar waƙa. Nan ta tsaya."

Mukan tayar mata da rigima. Ina kurar da za ta cinye shi? Ina aradun da za ta faɗo masa? Duk sauran tatsuniyoyinta mugu yana ganin sakamako, sai wannan. Kaka sai ta ja lofenta ta ce ita ma haka aka ba ta, ba ta da wani ƙarshe a ɓoye cikin zane. Wata rana Iliya ya ce in da shi ne Lami, da sai ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar da kunun. Kaka ta yi dariya har da tari. Ni kuwa, da yake ni ce babba kuma ina ji da wayona, na ce Lami wawuya ce, ai ana tambaya kafin a sha, ni ba mai yi mini haka. Kaka ta daina dariya, ta dube ni ta cikin hayaƙi.

"Rahila, ke dai roƙi Allah kar a miƙo miki."

Ban gane ba, na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Iliya ya girma da kiɗansa. Gwangwani ya koma ganga a majami'a, ganga ta koma jita, har wani babban mawaƙi ɗan ƙasarmu ya ɗauke shi aiki a birni. Ba zan kira sunan mawaƙin ba, bakina ya gaji da shi. Amma babu motar haya ko shagon aski da ba a jin muryarsa, kuma hannunsa a buɗe yake, wannan ko ni ba zan musa ba. Shi ya yi wa majami'armu rufi, ya kuma gyara masallacin kasuwa, ya kai tsofaffi aikin ido. A bikina ma da waƙarsa na yi rawa.

Bayan 'yan shekaru Iliya ya ware ya fitar da waƙarsa shi kaɗai, waƙar kuma ta karɓu. Wani yammaci ya kira ni, muryarsa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, Oga ya ce in na ƙara hawa dandamali a inda yake, sai dai uwata ta haifi wani." Na ce masa maganar mawaƙa ce, ya yi haƙuri, ya riƙa gaishe shi. Abin da na faɗa ke nan, na koma kan gyaran takardun ɗalibaina.

Mako biyu bayan haka aka zo buɗe rijiyar burtsatse da mawaƙin ya haƙa wa unguwarmu. Wanda bai yi bazara a unguwar nan ba ba zai san abin da ruwan yake nufi ba. Mama ta yi shekaru tana fita da asuba neman jarka guda. Zumuntar mata suka ce ni malama ce, ni zan karanta jawabin godiya. Na tuna da maganar Iliya, na ce a raina wata ƙila ma godiyar ta sanyaya wa mutumin zuciya. Na ɗaura ankona, na riƙe makirufo, na kira shi uban marayu, na ce mutum ne da ko kaza bai taɓa cutarwa ba. Aka yi tafi, aka ɗauki bidiyo. Da yamma Iliya ya kira ni ya ce, "Yaya, na gani. Kin iya karatu." Ya kashe wayar.

Ba a yi wata guda ba aka haɗa Iliya da Oga a wani biki a birni. Jama'a suka yi ta kiran waƙar Iliya alhali Oga yana tsaye da makirufo a hannu. Da aka tashi, da sauran rana, Oga ya sami Iliya a wajen ajiye motoci ya harbe shi. Bindigar tasa ce. Mutum uku sun gani da idonsu, ɗaya ma ya ɗauka a waya, har bidiyon ya zaga gari. Kowa ya ce wannan shari'a ba ta da wuya.

Sai aka fara kiran shaidu. Direban ya ce shi yana duba taya a lokacin. Mai gadin wurin ya ce rana ta haske masa ido. Mai wayar ya ce ta faɗa ruwa, lauyoyi kuma suka ce wanda yake yawo a gari ba a san hannu nawa ya bi ba. Mutane suna cewa an saye su. Ni ban tabbata an ba su komai a lokacin ba, don ba a bukata. 'Ya'yan direban a makarantar Oga suke karatu, uwar mai gadin kuma da idon da ya gyara mata take gani. Na zauna a benci ina kallonsu suna sunkuyar da kai, ina jin haushinsu kamar in tashi in shaƙe su. Na ce ba komai, saura ni, ni ce na ji barazanar daga bakin Iliya.

Na tsaya na rantse, na faɗi maganar kamar yadda ya faɗa mini. Lauyan Oga ya taso, dattijo mai ladabi, har da tambayata lafiyar Mama. Ya tambaye ni ranar da Iliya ya kira, na faɗa. Sai ya sa aka kunna bidiyo. Ga ni cikin anko, baki har kunne, ina kiran mutumin uban marayu.

"Malama Rahila, wannan ke ce?"

"Ni ce."

"Kafin wayar ne ko bayanta?"

"Bayanta."

"Wani ya tilasta miki?"

"A'a."

"To, wacce za mu ɗauka, ta yau ko ta ranar?"

Ni ma na sunkuyar da kai. Alƙali ya rubuta abin da ya rubuta. Ranar hukunci ya ce akwai shakku, kuma doka ba ta ɗaure mutum a kan shakku.

Shekaru da yawa na ɗauka Kaka tana koya mana hattara ne, a riƙa tambaya kafin a sha. Yanzu ba na jin haka. Lami ba wawuya ba ce, uwarta ma ba muguwa ba ce, yunwa suke ji. Ni kuwa da nake cika baki, na ma fi Lami, don ni na san hatsin wa aka dama, na kuma sha. Ina ganin Kaka ta san babu gidan da zai iya zama da yunwa har abada don jiran ranar shaida, shi ya sa ta ƙi ƙago mana kura ko aradu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko yau aka maimaita, ban ga wanda zai tsaya ba. Muna da yawa, kuma duk mun ci.

Na koma Zuru washegarin hukunci. Bazara ce, rijiyoyin gida duk sun ƙafe. Na tarar da Mama kwance a tabarma, ta riga ta ji a rediyo. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ce maƙogwaronta ya bushe. Na leƙa randa, ba ko ɗigo.

Na ɗauki jarka na nufi rijiyar burtsatsen. Matan da ke layi suka ga ni ce, suka matsa mini na wuce gaba. Sunan Oga yana nan a jikin allon rijiyar, da hotonsa yana murmushi. Na tara, na cika, na ɗora a kai.

Na zuba wa Mama a kofi, na tallafo kanta. Ta dubi ruwan, ta dube ni.

"Na can ne?"

"Na can ne, Mama."

Ta daɗe riƙe da kofin. Sannan ta shanye, ta miƙo mini ta ce in ƙaro.