Kwana Tara a Kan Kunu Zalla

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar da minti ashirin, ranar Litinin, ni da gwaggona, ƙanwar mahaifinmu. Liman da maƙwabta biyu suka raka mu bakin hanya. Daga ƙauyenmu na ƙasar Kanambakashe muka nufi Tasawa, inda ƙanena yake kwance a gidan likita. Zazzaɓin taifot ya huda masa hanji, an yi masa aiki, kwana tara ke nan ɗinkin bai kama ba. Guzurinmu tiya uku ta gero da ɗan sukari.

Motar kasuwa muka samu, buɗaɗɗiya. Aka loda buhunan wake, mu kuma aka ɗora mu bisa waken. Hanyar jar ƙasa ce, ruwan damina ya cinye gefenta. Sau biyu muka sauka muka tura. Gwaggo ba ta sauka ba, ta ce ita zama ta biya, ba turi ba. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai esansi, wato man fetur, ya hau, ba wanda ya yi musu. Hagu da dama an gama girbi, harawa na shanye bisa itatuwa. A wata tasha mata suka kewaye mu da nono da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai. Na kau da kai.

Ƙarfe tara saura kwata muka isa. Ƙanena yana ɗakin masu ciwo mai tsanani, wanda ake ce wa reyanimasiyo. Mutum ɗaya ake bari ya shiga: ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya sa rigar da za a ba shi. Na shiga. Manomin da ke saɓa buhu shi kaɗai, na tarar damtsensa bai fi ƙotar fartanya kauri ba. An zura masa tiyo ta hanci zuwa ciki, ta nan abinci ke shiga. Ya gane ni, amma bai iya magana ba.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya kira ni waje tare da matar ƙanena, wadda ke dafa abincin.

"Malam, kai ne babba a gidan? To ka taya ni tambaya. Tun kwana na uku lokotoro, likitan da ke duba shi, ya ce a dama kunu da madara da garin wake da dafaffen ƙwai, a tace sosai a kawo. Kullum ana kawo kwano, kullum mutum sai zubewa yake. Me ke cikin kwanon?"

Ta sunkuyar da kai. "Gero ne, majo."

"Ƙwan fa?"

"Yaya ya hana."

Yayan nan ni ne. Ranar da aka yi aikin na kira ta a waya na kafa doka: ba ƙwai, ba nono, ba gyaɗa, ba wake, sai miki ya warke. Haka muka taso. A wurinmu mai miki ba ya cin waɗannan, an ce suna sa mugunya. Ita kuwa ta ji nauyin saɓa mini, ta ji kunyar gaya wa majo, sai ta riƙa cewa "to" ga kowa, tana dama gero.

Majo bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce jikin da aka yi wa babban aiki kamar ɗaki ne da bango ya faɗi. Kunu yana ba magina ƙarfi, amma ƙasar ginin tana cikin ƙwai da nono da wake da nama. In ba a kawo ba, jiki sai ya riƙa fasa naman kansa yana liƙe ɓarakar, har naman da ke jan numfashi ya raunana. Mugunya kuwa ƙwayoyin cuta ke kawo ta, ba ƙwai ba. Ya ƙara da cewa ba a cikawa kai tsaye. Lokotoro ne ke auna yawan, ya duba nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa, a fara da kaɗan.

Gwaggo tana zaune a tabarma tana ji. Ta ce, "Kai da ka yi lakwal har aji shida, ashe camfinka ya girmi nawa. Tsayuwar me kake yi? Kasuwa ba ta tashi ba."

Kafin in tafi, na tsaya gaban majo da gwaggo na ce wa matar ƙanena na janye dokata, laifin nawa ne, daga yau maganar likita ce gaba da tawa. Sannan na je na sayo abin da aka rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Tasawa garin kilishi ce, ƙamshinsa ya bi ni har ƙofar gidan likita, ban iya sa komai a baki ba.

Kwana uku na yi. Kowace safiya ina tsaye ake damawa, ina tsaye ake tacewa, majo ya auna ya zuba a tiyo. Ranar Alhamis da aka canza bandeji, ya ce ruwan mikin ya ɗan ragu, amma kada in yi saurin murna, abin da aka rasa a kwana tara ba ya dawowa a kwana uku. Ƙanena ya matsa yatsana da zan fita. Na bar gwaggo can.

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma na iso gida. Na je da niyyar in tabbatar ana bin dokata, na dawo da sanin cewa dokar ce take cinye ɗan'uwana. Har yau yana kwance a ɗakin nan.

Roƙona gare ka biyu ne. In kana da majinyaci a irin wannan ɗaki, kada ka hana masa abin da likita ya rubuta, kuma in an tambaye ka me ke cikin kwano, ka faɗi gaskiya tun ranar farko. Na biyu, ka sa ƙanena cikin addu'arka, Allah Ya sa ɗinkin nan ya kama.