Ranar da Na Ba Ajinmu Hutu da Babban Yatsa

Shekarun baya kaɗan, ina aji na biyun ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ni ne shef, shugaban aji. Ranar Litinin muna da dabuwar, wato jarrabawa, ta lissafi, ni kuwa ko kaye, littafin rubutuna, ban buɗe ba.

Lahadi da la'asar muna fada, majalisarmu ta samari, a unguwar Dagmanet muna shan shayi, 'yan ƙwallon ƙasarmu sun ci wasa, gari ya rikice da odar motoci. Sai abokina ya daka tsalle: "Kai, shef! Duba!" Shugaban ƙasa ne ya rubuta a shafinsa na sada zumunta, yana murna, wai gobe kowa ya cancanci hutu. Wallahi kafin a zuba kofi na biyu na watsa a gurup ɗin aji cewa ba makaranta, wai daga hukuma ne: "Gobe ba lakwal! C'est officiel!" Alamomin wuta da tafi suka yi ta zubowa a salula. Na ji kamar ni na ci ƙwallon.

Da na koma gida, mahaifina yana saƙale da rediyonsa. Ya ce, "Rediyo ta faɗa?"

"Baba, shi da kansa fa ya rubuta!"

"To. Allah shi ba da sa'a."

Litinin takwas da rabi ina miƙe ƙafa, wata 'yar ajinmu ta kira: "Shef, ka kashe mu! Mushe, malamin lissafi, na nan yana rubuta tambayoyi ga tebura wayam. Ya ce kowa zero!"

Kabu-kabu na ɗare, takalmi wari da wari. Na faɗa biro, ofishin darektan makaranta, ina haki, na miƙa mishi salula. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa.

"Ina lamba? Ina sa hannu? Ina hatimi?"

"Mushe, ga hotonsa nan!"

"Ni ma ina da hotonsa, ga shi can a bango. Bai taɓa ba ni hutu ba."

Ya ce mu jira labaran ƙarfe ɗaya. In ba a karanta sanarwa ba, zero ta zauna. Kafin azahar rabin aji sun iso, mun kewaye rediyon mai gadi, kowa na hararata. Mai labarai ya yi ta jan gaisuwa. Can sai ga ta: yau Litinin hutu ce a duk faɗin ƙasa!

Ihu! Aka ɗaga ni sama, har takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Darekta ya leƙo: "Yanzu ta zama hutu, da safe ba hutu ba ce. Amma ba a ba da zero ranar hutu. Dabuwar gobe, ƙarfe takwas."

Maki huɗu bisa ashirin na samu. Shagali ya hana ni karatu.

Har yau in na tuna sai na yi dariya. Yatsana bai rage gudu ba, amma in babba ya yi rubutu a shafinsa, kafin in tura sai na leƙa zaure: "Baba, rediyo ta faɗa?"