Maigandi Gerawut da Tukunyar Fanne

Duk wanda ya taɓa loda shanu a Kasuwar Shanu ta Potiskum ya san Maigandi. Bafillace ne dogo, mai wuya kamar na zalɓe, shi ke tsaye bakin tudun da ake hawar da shanu tirela. Tun yana saurayi ya raka shanu Legas, wani ɗan sanda ya daka masa tsawa, "Gerawut!" Ya tambayi direba me ake nufi, aka ce masa Turanci ne, wato fice ka ba mutane wuri. Kalmar ta yi masa daɗi, ya dawo da ita gida a matsayin tsaraba. Bijimi ya tsaya masa a hanya, gerawut. Akuyar maƙwabta, gerawut. Har suruki ya taɓa sha.

Mutum ɗaya ce kalmar ba ta ɗagawa: Fanne, Babarbariya mai sayar da burabusko da miyar kuka, wadda ta kafa murhunta gefen tudun. Da farko wasan Fulani da Barebari ne. A hankali wasan ya yi tsami.

"Ke tsohuwa, hayaƙinki na firgita min shanu. Gerawut!"

"Fuskarka ce ke firgita su, bawan Barebari. Turancin da ka tsinto a bakin kwata za ka yi min?"

Maigandi bai daddara ba. Ya yi ta zarya wajen Sarkin lodi, Malam Siddiq, har aka sa Fanne ta kwashe tukwanenta zuwa can ƙarshen kasuwa, kusa da wani tsohon tudu da ba mai amfani da shi. Ranar har taka rawa ya yi.

Abin da ya manta shi ne, direban tirela ba ya ajiye mota inda babu abinci. Tafiyar Kudu doguwa ce, kowa sai ya cika ciki yana kallon shanunsa na hawa. Kasuwa ta zagayo, motoci suka jeru can wajen Fanne, 'yan lodi suka bi su. Maigandi ya wuni da sandarsa yana korar ƙuda.

Malam Siddiq ya kira shi. "Ko ka dawo da ita, ko ka miƙa sandar nan ga wani."

Ya je. Fanne ko kallonsa ba ta yi ba, tana tuƙi.

"Ya Fanne, an ce ki koma."

"Wa ya ce? Yau kuma na zama Ya? To ƙafafuna na ciwo, tukunya ba ta tafiya da kanta."

Haka Maigandi ya ɗora babbar tukunyar a ka, baƙin gindinta na shafe masa hula, ya ratsa tsakiyar kasuwa, Fanne na biye da ludayi tana cewa a ba jakinta hanya. Dillalai har da tafi.

Sandar tana hannunsa har yau. Shi da Fanne ba sa gaisawa. Idan yunwa ta kama shi, sai ya aiki direba ya sayo masa, Fanne kuwa ta gane kwanon, ta ninka barkono.